Me ya haɗa zazzaɓi da ƙoda? Sharhi kan gazawar sassan jiki idan ciwo ya tsananta

"Likita, da zazzaɓi fa muka kawo shi. Me ya haɗa zazzaɓi da ƙoda?" Tambaya ce da ake yawan ji a barandar manyan asibitocin Kano, daga Asibitin Murtala zuwa na Nassarawa har na Malam Aminu Kano. An kawo mutum da ciwo ɗaya da kowa ya san sunansa. Bayan kwana biyu sai a ce wa 'yan uwa ƙodarsa ta tsaya, washegari a ce ruwa ya taru a huhu, jibi a ce hanta ma ta taɓu. Daga nan zargi ke tashi. Wani ya ce allurar da aka yi masa ce, wani ya ce ruwan da aka ƙara masa ne ya yi yawa, wata kuma ta ce ai tun da aka sa masa oksijin ta san ba tashi zai yi ba.

Ma'aikata kan yi kuskure, kuma idan sun yi akwai hanyar bin kadi. Amma galibi abin da dangi ke gani sananne ne a likitanci: ciwo guda ya fi ƙarfin jiki, sai muhimman sassansa su riƙa gazawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe majinyata a ɗakunan kulawa ta musamman a ko'ina, a Landan kamar a Kano. Bambancin yana wajen lokacin da aka gane shi, da abin da ke hannu a lokacin.

A 2025 mujallar likitanci ta The Lancet ta fitar da wani bincike da aka yi kan manyan majinyata kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, har da Najeriya. An gano cewa ɗaya cikin kowane takwas da ke kwance a asibiti yana cikin mawuyacin hali, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu cikin kwana bakwai. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu a ɗakin kwanciya na gama-gari suke, ba a ɗakin kulawa ta musamman ba. Fiye da rabinsu kuwa ba su samu cikakken taimakon farko da ya kamata ba, irin su oksijin, ƙarin ruwa ko gyara musu kwanciya don hanyar numfashi ta buɗe.

## Me likita ke nufi idan ya ce sashe ya gaza?

Yana nufin sashen ya kasa yin aikinsa har ta kai jiki ba zai iya riƙe kansa ba sai an tallafa masa daga waje. Ba lallai ne sashen ya mutu ba. Gazawar ma hawa-hawa ce, daga wadda gwajin jini kaɗai ke nunawa zuwa wadda sai da na'ura.

Akwai wadda ke zuwa sannu a hankali, akwai ta farat ɗaya, kuma haɗa su wuri guda ne ke jefa iyalai cikin fargabar da ba ta kai ba. Mai hawan jini ko ciwon suga da ƙodarsa ta yi shekaru tana lalacewa, idan ta kai matuƙa ba ta dawowa, sai wankin ƙoda na dindindin ko dashe. A Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Amma matashin da amai da gudawa suka tsayar masa da ƙoda cikin kwana biyu, ko mai jegon da ta zubar da jini, tasu ƙodar sau da yawa takan farfaɗo cikin kwanaki ko makonni idan an magance sanadin kuma an riƙe ransu har zuwa lokacin. Wannan na biyun ne ake magana a kai a nan.

Likitoci suna da ma'aunin da ake kira SOFA, wanda aka wallafa a 1996. Yana duba abubuwa shida: huhu, ta yawan oksijin da ke shiga jini, zuciya da jijiyoyi, ta awon jini da yawan maganin da ake bukata kafin ya daidaita, ƙoda, ta yawan fitsari da wani datti a jini mai suna kiriyatinin, hanta, ta sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, ƙwaƙwalwa, ta yadda mutum ke buɗe ido da amsa magana, sai jini kansa, ta yawan ƙwayoyin da ke sa shi ya daskare. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 4, jimla 24. Makin ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. Abin da likita ya fi kallo shi ne ko yana hawa ko yana sauka daga jiya zuwa yau.

Wani abin lura: ci gaban likitanci ne ya fito da wannan lalura fili. Kafin annobar shan-inna ta 1952 a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, inda ɗaliban likitanci suka riƙa matsa wa majinyata iska da hannu dare da rana, wanda numfashinsa ya tsaya galibi mutuwa yake yi. Da aka samu hanyar riƙe sashe na farko, sai aka fara ganin na biyu da na uku suna biyo baya. A shekarun 1970 ne likitocin tiyata suka bayyana abin a matsayin lalura mai zaman kanta.

## Yadda wutar ke kama maƙwabta

Kowane sashe na jiki da oksijin yake aiki, kuma jini ne ke kai masa. Sai huhu ya ɗebo iskar, sai an samu isasshen jinin da zai ɗauka, sai kuma zuciya ta tura shi da ƙarfin da zai isa ko'ina. Mazauna Kano sun san abin da ke faruwa idan ƙarfin turo ruwa daga Tamburawa ya ragu ko bututu ya fashe a hanya: unguwannin nesa da na kan tudu ne famfonsu ke fara ƙafewa, na kusa suna ci gaba da samu. Jiki ma haka yake, sai dai shi da gangan yake rabon. Idan jini ya yi ƙasa, yakan tsuke hanyoyin da ke zuwa fata da hanji da ƙoda don ƙwaƙwalwa da zuciya su samu. Shi ya sa hannuwa da ƙafafun majinyaci ke yin sanyi, fitsarinsa ya ragu, tun kafin na'urar awo ta nuna jini ya faɗi. Dabara ce mai ceton rai na 'yan sa'o'i. Idan ta daɗe, sassan da aka hana sukan fara lalacewa.

Babbar ƙofar da ke kai mutum ga wannan hali ita ce sefsis, abin da ake yi wa iyali bayani da cewa ciwon ya shiga jini. Ma'anar da masana suka amince da ita a 2016 ita ce gazawar sassan jiki mai barazana ga rai, wadda ke faruwa saboda garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayar cuta. Wato ɓarnar ba ta ƙwayar cutar ce kaɗai ba. Sinadaran da garkuwa ke saki sukan sa jijiyoyin jini su saki, su buɗe, su kuma fara yoyo. Ruwan da ya kamata ya zauna cikin jijiya sai ya tsiyaye cikin nama. Nan ne asalin abin da ke ɗaure wa masu jinya kai: majinyaci ya kumbura suntum, amma likita na cewa jijiyoyinsa a bushe suke. Duka biyun gaskiya ne.

A lokaci guda, jini kan fara daskarewa gutsi-gutsi a cikin ƙananan jijiyoyi yana toshe su. Wannan yana cinye ƙwayoyin daskarar da jini, har ya zama mutumin da jijiyoyinsa ke toshewa shi ne kuma ke zubar da jini ta dasashi ko ta wurin allura.

Ƙoda na cikin sassan da kan fara kuka. Tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, tana tace lita kusan 180 a yini, don haka ba ta jure ƙarancinsa. Da ta tsaya, ruwa ya taru, datti ya taru, jini ya yi tsami, sinadarin fotasiyam ya hau, kuma idan ya hau da yawa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa yakan nufi huhu, wanda dama jijiyoyinsa na yoyo, sai jakunkunan iska su cika. Oksijin ya ragu, zuciyar da ta riga ta gaji ta ƙara gajiya, ƙodar ta ƙara rasa jini. Hanjin da aka hana jini bangonsa kan yi rauni, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su samu hanyar fita. Hanta ta rage haɗa sinadaran tsayar da jini, suga ya faɗi, ido ya yi rawaya kamar mai shawara.

Ƙwaƙwalwa kuwa takan nuna alama da wuri, sai dai ba a cika fahimtarta ba. Dattijon da ke zazzaɓi ya fara sambatu, ya kasa gane 'ya'yansa, ko ya koma barci ba ji ba gani. A gidaje da yawa abin da ke fara zuwa rai shi ne iska ko sammu, sai a kwana ana tofi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma a irin wannan hali rikicewar hankali na cikin alamu mafi ƙarfi cewa ciwon ya wuce na gida.

An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a shekarar. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri na musamman a kansa.

## Ƙofofin da aka fi shigowa ta su a Kano

A Turai da Amurka, mai wannan lalura galibi tsoho ne mai ciwon daji ko na zuciya. A nan sau da yawa yaro ne, ko mai ciki, ko magidanci mai ƙarfi a jika, kuma sanadin abu ne da ake iya magancewa.

Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Idan ya yi tsanani, jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda, wasu su farfashe, jini ya ƙare, fitsari ya yi baƙi. Allurar atesunet ta jijiya ce maganin da aka fi amincewa da shi, tun bayan gwajin 2010 kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, wanda ya nuna ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin.

Taifot na bi ta wata hanyar. A mako na biyu ko na uku yana iya huda hanji, ƙazanta ta zube cikin ciki. A nan komai ƙarfin allura ba za ta wadatar ba sai an yi tiyata an ɗinke an wanke. Ƙa'ida ce da ta shafi sefsis gaba ɗaya: muddin tushen ciwon na nan, ko ruɓaɓɓen gyambon mai ciwon suga ne, ko ragowar mahaifa bayan ɓari, ko mugunya da ta taru, sassan jiki ba za su huta ba. Jinkirin sa hannu a takardar tiyata, ana jiran babban wa ya iso daga tafiya, yakan ci sa'o'in da ba sa dawowa.

Ga mata, zubar jini bayan haihuwa da jijjiga da ciwon da ke shiga mahaifa ne manyan ƙofofi. A nan Kano na da abin nunawa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, don a daina kintace da ido, sannan a ba da magungunan tsayar da jini gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Kowace mace da aka tsayar wa jini a kan lokaci, ƙoda ce aka tsare daga wanki.

Mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, ya koya wa iyaye wani darasi mai ɗaci. Yaro kan ji sauƙin maƙogwaro, a ɗauka ya warke, bayan mako ɗaya ko biyu gubar cutar ta kama tsokar zuciya. Kwalara kuwa ruwan jiki take kwashewa cikin sa'o'i. Haɗarin mota da ƙuna da sikila duk suna da nasu kason.

Sai abin da ake haɗiya da hannu. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da allurar jentamaisin da ake yi a wasu kemis-kemis, suna iya ƙarasa ƙodar mutumin da dama ruwan jikinsa ya ƙare. Farasitamol idan ya wuce giram 4 a yini ga babba, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, yana iya lalata hanta, kuma yawancin magungunan mura akwai shi a ciki ba tare da mai sha ya sani ba. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake tallatawa a mota da lasifika, matsalarsu ita ce babu wanda ya san abin da ke ciki ko adadinsa. A 2008 zuwa 2009 wani gurɓataccen maganin haƙoran jarirai ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya ta hanyar tsayar musu da ƙoda. A 2021 ma an kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen gari, wasunsu suna fitsarin jini. Faɗa wa likita duk abin da majinyaci ya sha, na kemis da na gargajiya, ya fi ɓoyewa don gudun faɗa.

## Abin da na'ura ke yi

Babu na'urar da ke warkar da sashen da ya gaza. Aikinta ta riƙe masa aiki kafin ya farfaɗo. Oksijin na cike giɓin huhu, na'urar numfashi na karɓar aikin tsokar ƙirji da ta gaji, wasu magunguna da ake ɗigawa ta jijiya na tsuke jijiyoyin da suka saki, wankin ƙoda na kwashe datti da ruwa. Warakar tana zuwa ne daga magance sanadin da kuma jikin kansa.

Tsoron oksijin da ya yaɗu ya samo asali ne daga abin da ido ya gani: an sa wa wane, ya rasu; an sa wa wance, ta rasu. Amma waɗanda jikinsu ya fi tsanani ake sa wa, kuma sau da yawa a makare. Haka batun cewa wanda aka fara wa wankin ƙoda ya shiga ke nan har abada. Gaskiya ne ga ƙodar da ta daɗe da lalacewa. Ga ta farat ɗaya, wanki kaɗan kan isa. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin asibitocin Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa cikin waɗanda suka bukaci wankin amma ba su samu ba, kashi 73 cikin 100 na yara da kashi 86 na manya sun rasu.

Na'urorin suna da nasu haɗarin, kuma likitoci ba sa musun haka. Bututun numfashi na iya jawo ciwon huhu, robar fitsari da ta jijiya na iya zama hanyar shigar sabuwar ƙwayar cuta. Shi ya sa ake hana cincirindon 'yan dubiya a ɗakin, abin da dangi kan ɗauka wulaƙanci ne.

## Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko kan ƙarin ruwa ne. Ƙa'idar da aka gina a ƙasashe masu arziki ta ce a ba babba mai sefsis da jininsa ya faɗi mililita 30 kan kowane kilo cikin sa'o'i uku na farko, wato kusan lita biyu ga mai kilo 60. Hujjarsu a fili take: jijiyoyi sun bushe, a cika su. Amma gwajin da aka yi a Kenya da Tanzaniya da Yuganda kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, wanda aka wallafa a 2011, ya girgiza wannan tunani. Cikin yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri, kashi 10.5 cikin 100 sun rasu cikin sa'o'i 48, cikin waɗanda aka ba a hankali kuwa kashi 7.3. A 2017 wani gwajin kan manya a Zambiya ya nuna irin haka, kashi 48 da kashi 33. Masu kare ƙa'idar farko na cewa majinyatan sun bambanta, da yawansu masu ƙarancin jini ne ko tarin fuka, kuma babu na'urar numfashi da za ta tare idan ruwan ya gangara huhu. Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa ai wannan shi ne halin yawancin asibitocinmu. Inda aka fi karkata yanzu shi ne a ba da kaɗan-kaɗan ana dubawa. Sai dai wannan bai shafi mai kwalara ko gudawa ko zubar jini ba, domin ba a sa su cikin gwajin yaran ba, kuma su mayar musu da abin da suka rasa cikin gaggawa shi ne ceton. Mai jinyar da ke matsa wa nas ta ƙara gudun ruwa, ko ya murɗa da kansa idan ta juya baya, yana wasa da abin da masana ma ke taka-tsantsan da shi.

Na biyu kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Ga wanda jininsa ya faɗi, ana so a fara cikin sa'a ɗaya. Amma yawan shansa barkatai ya sa ƙwayoyin sun fara bijirewa. A 2019 wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Mafita ita ce a ɗebi jini don gwajin gano ƙwayar kafin allurar farko, a fara maganin ba jira, a gyara shi idan sakamako ya fito bayan kwana biyu ko uku. Wanda ya sha kala uku a gida kafin ya zo yakan ɓata wannan gwajin.

Na uku ya shafi inda gwamnati za ta sa kuɗi. Masu son a ƙara ɗakunan kulawa ta musamman na cewa birni mai miliyoyin mutane, wanda asibitocinsa ke karɓar majinyata daga Jigawa da Katsina har da Nijar, bai kamata matashin da kwana uku a kan na'ura za su cece shi ya mutu don babu gado ba. Suna kuma tuna cewa lokacin korona, kusan kashi 48 cikin 100 na majinyatan da cutar ta tsananta a asibitocin Afirka da aka bincika sun rasu, alhali matsakaicin duniya bai kai kashi 32 ba. Ɗaya ɓangaren na cewa gadon irin wannan ɗaki ba ƙarfe da katifa ba ne: nas ɗaya ce ga majinyaci ɗaya ko biyu dare da rana, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin gwaji da ke aiki da tsakar dare. A 2025 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, ga ma'aikatan jinya ma suna bi. Tunda yawancin masu mawuyacin hali a ɗakin gama-gari suke, in ji su, a fara tabbatar da cewa kowane ɗaki na da na'urar awon oksijin ta yatsa, da iskar kanta, da ma'aikacin da zai duba numfashi da awon jini a kai a kai ya kuma san wanda zai kira. Alƙaluman binciken 2025 sun fi ƙarfafa wannan ɓangare, ko da yake babu mai cewa asibitin koyarwa ya zauna ba na'urori.

## Batun cire na'ura

Idan sassa huɗu ko biyar suka gaza kuma kwanaki na wucewa ba canji, iyali kan tsinci kansu gaban tambayar da ta haɗa likitanci da addini. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, mutum ya rasu a shari'ance kuma ya halatta a cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a 1987, ta halatta cirewar idan ƙwararru uku suka tabbatar, amma ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Duka fatawoyin kan mutuwar ƙwaƙwalwa suke. Doguwar suma daban ce, kuma da yawa daga masu kwance a kan na'ura maganin barci aka ba su da gangan don su jure bututun. Kafin a je wajen malami, ya kamata iyali su fara jin takamaiman halin da likita ya ce majinyacin na ciki.

## Aljihu da doka

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. A ciwon da ake lissafinsa da sa'o'i, wannan na nufin kowace takardar magani ko gwaji sai ta jira an buga waya, an yi karo-karo, an nemo ɗan uwan da zai ba da jini. Wasu kan sa hannu su fita da majinyaci a daidai lokacin da ƙodar ke dab da farfaɗowa, wasu kan sayar da fili kan jinyar da likitoci suka riga suka san ba ta da makoma, don babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Sai dai taimakon gaggawa daban, jinyar mako biyu a kan na'ura daban. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar Kano ma na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma mafi yawan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ba su shiga ba, kuma wanda ya shiga ya kamata ya bincika tun yana lafiya iyakar abin da tsarinsa ya ɗauka. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta.

## Abin da mai jinya zai iya gani da idonsa

Ga babba mai zazzaɓi ko wani ciwo, likitoci na da alamu uku na gaggawa: numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya, rikicewar hankali, da lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa. Biyu daga ciki sun isa a nufi babban asibiti, ba kemis ba. Na'urar yatsa idan ta nuna ƙasa da 90, oksijin ake bukata. Ga yaro kuwa, kasa kama nono ko shan ruwa, amayar da komai, jijjiga, yawan barcin da ba ya farkawa, ko faɗawar ƙirji idan yana jan numfashi.

Fitsari ne awon da ba ya bukatar kuɗi. Babba mai kilo 60 ya kamata ya yi aƙalla mililita 30 a sa'a, kuma idan ya yi ƙasa da haka sa'o'i shida a jere, a ma'aunin likitoci ƙoda ta fara taɓuwa. Mai jinyar da ke zubar da jakar fitsari ba tare da nas ta rubuta adadin ba yana goge wa likita shaida. Yana kuma da amfani iyali su tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa magana da likitoci, ya tambayi mene ne tushen ciwon, sassa nawa ake tallafawa yau, kuma jiya nawa ne.

Wanda ya tashi daga irin wannan jinya ba ya komawa daidai ranar da aka sallame shi. Tsoka ta zube, hawa bene kan gagara, mantuwa da firgita cikin barci kan ɗauki watanni, kuma dangi kan ɗauka lalaci ne ko sangarta. Wanda ƙodarsa ta taɓu yana da ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda na dindindin ko da fitsarinsa ya dawo, don haka ƙa'idar likitocin ƙoda ita ce a sake auna kiriyatinin bayan wata uku, a riƙa duba hawan jini, kuma ya guji diklofenak da danginsa sai da izinin likitan da ya san tarihinsa.